Yadda Ake Ba da Tarihin Kamfanin NITEL: Nazari da Suka

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba yadda aka saba ba da tarihin kamfanin wayar tarho na Nijeriya, watau NITEL, sa'an nan ta nuna inda wannan ruwaya ta gaza. Duk wanda ya bi abin da jaridu da masu sharhi suka rubuta a kan kamfanin zai tarar labarin kusan iri ɗaya ne: kamfani ne na Gwamnati, aka yi masa riƙon sakainar kashi, wayar salula ta zo a 2001 ta karya shi, aka yi ta neman mai saye har aka sayar da gawarsa a 2014. Babu ƙarya a cikin wannan, amma an fara labarin daga tsakiya, an kuma auna shi da ma'aunin da bai dace ba.

2.0 Tushen da Ake Tsallakewa

Aibi na farko shi ne masu ruwayar sukan fara daga watan Janairu na 1985, lokacin da aka haɗa sashen tarho na Ma'aikatar Gidan Waya da kamfanin NET mai kula da sadarwa da ƙasashen waje, aka haifi NITEL, aka bar harkar wasiƙu a hannun NIPOST. Alhali kuwa tun ran gini ran zane. A 1886 aka haɗa Ikko da London ta wayar tangarahu ta ƙarƙashin teku, kuma bukatar Turawan mulki ce ta jawo ta. Da wayar ta shigo Arewa, sai ta bi barikin soja da ofishin Razdan da hanyar jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Ba a shimfiɗa ta don Bafatake ya ji farashin gyaɗa ko uwa ta ji labarin ɗanta ba.

Sakamakon haka, sa'ad da aka sami mulkin kai a 1960, layukan tarho da ke ƙasar duka 18,724 ne ga mutane kimanin miliyan 40, watau layi ɗaya ga mutum fiye da dubu biyu. Gwamnatocin da suka biyo baya sun kashe kuɗi, haƙiƙa. An buɗe tashar tauraron ɗan'adam ta Lanlate a 1971, daga baya aka gina ta Kujama kusa da Kaduna, aka kuma tayar da dogon benen NET a Ikko, wanda ya yi gobara a 1983. Sai dai mai lura zai ga cewa manyan ayyukan nan sun fi fuskantar waje. Magana daga Ikko zuwa London ta sami kulawar da magana daga Gumel zuwa Gusau ba ta samu ba. Wannan hali ne NITEL ya gada, kuma tarihin da ya tsallake shi ba zai iya bayyana abin da ya biyo baya ba.

3.0 Ƙarancin da Ya Zama Sana'a

Aibi na biyu shi ne ana taƙaita shekaru goma sha shida na farkon kamfanin da kalma ɗaya, wai "rashin inganci". Kalmar ta yi kaɗan. Zuwa shekarar 2000 layukan da ke aiki ba su wuce kimanin dubu 400 ba, ga al'umma da ta haura miliyan 100, kuma kaso mai yawa daga cikinsu yana Ikko. Tambayar da ta kamata mai tarihi ya yi ita ce: wa ya amfana da wannan ƙaranci?

Duk abin da ya yi wuyar samu, kuma hannu ɗaya ne ke riƙe da shi, to rabonsa kan zama mulki. Mai neman layi ya cika takarda ya jira shekaru, ko ya nemi wanda ya san wani. Ma'aikatun Gwamnati su yi ta amfani da waya ba su biya ba, kamfanin kuwa ba shi da ikon matsa wa mai shi. Kuɗin da za a faɗaɗa aiki da su sai sun bi ta hannun Ma'aikata. A irin wannan tsari, ƙara yawan layuka rage darajar masu rabo ne. Ruwa ba ya tsami banza. Ko da aka kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, da doka ta 75 ta 1992, manyan hanyoyin waya na cikin gida da ƙofar waje sun zauna a hannun NITEL har tsawon shekaru.

Saboda haka cewa wayar salula ce ta kashe NITEL ɗaukar alama ne a matsayin sanadi. A gwanjon Janairun 2001, MTN da Econet kowanne ya biya dala miliyan 285, aka kuma keɓe wa NITEL lasisi irin nasu, ga shi da filaye da turaku da injiniyoyi a kowace jiha. Mutane sun sayi layi a kan kimanin naira dubu 20 suna murna, domin sun daɗe da ƙishirwa. Zuwa 2012 layukan da ke aiki sun haura miliyan 100. Kasuwar tana nan tun da can, kamfanin ne ba a gina shi don ya neme ta ba.

4.0 Jerin Masu Saye

Inda ruwayar ta fi daɗewa shi ne kan cinikin kamfanin, kuma a nan ne ta fi zama lissafi kawai. A 2001 kamfanin IILL ya taya kashi 51 cikin ɗari a kan dala biliyan 1.3, ya kasa cika kuɗin. A 2003 aka danƙa gudanarwa ga Pentascope na ƙasar Holan, aka soke yarjejeniyar a 2005. A shekarar ce Orascom na Masar ya taya dala miliyan 256, Gwamnati ta ce ya yi kaɗan. A 2006 Transcorp ya karɓi kashi 51 a kan dala miliyan 500, aka ƙwace a 2009. A 2010 New Generation ya taya dala biliyan 2.5, shi ma bai biya ba. Daga ƙarshe NATCOM ya sayi kadarorin a kan dala miliyan 252 a ƙarshen 2014, ya fara aiki da sunan ntel a 2016.

Akan jera waɗannan kamar jerin tsautsayi. Amma in an dube su tare, darasi ɗaya ne ke fitowa. Sau biyu aka zaɓi wanda ya fi ɗaga murya a gwanjo ba tare da kuɗi a hannu ba. Transcorp kuwa a 2004 aka kafa shi, bai taɓa gudanar da kamfanin waya ba. Wanda ya san sana'ar a cikinsu, watau Orascom, shi aka kora saboda farashi, sa'an nan bayan shekara tara aka sallama a ƙasa da abin da ya taya. An ɗauki farashin ranar gwanjo shi ne ma'aunin nasara, aka manta cewa kowace shekarar jinkiri tana cin darajar hajar, tana kuma barin ma'aikata watanni babu albashi.

Bugu da ƙari, masu ruwayar ba su cika leƙa maƙwabta ba. Senigal ta sayar da wani kaso na Sonatel ga France Télécom a 1997, tun kafin gasar salula ta yi zafi, kamfanin ya bunƙasa. Ghana ta sayar da kashi 70 na kamfaninta ga Vodafone a kan dala miliyan 900 a 2008. Nijar ta sayar da Sonitel a 2001, daga baya ta karɓe abinta, ta haɗa shi da SahelCom a 2016. Misalan nan suna nuna cewa sayarwa kaɗai ba magani ba ce. Lokaci da ƙwarewar mai saye su ne ke raba gardama.

5.0 Kammalawa

Abin da wannan takarda take nema ga masu nazari abu uku ne. Na farko, a fara tarihin daga 1886, domin a ga halin da kamfanin ya gada. Na biyu, a tattara bayanan tsofaffin injiniyoyi da masu haɗa waya da 'yan fansho a Kaduna da Kano da Bauci da sauran wurare tun suna da rai, domin takardun ciniki ba su ɗauke da abin da suka sani. Na uku, a lissafa abin da aka rasa. Nijeriya ta tsallaka zuwa wayar hannu ba ta taɓa shimfiɗa wayar ƙasa mai isa gidaje da makarantu da asibitoci ba, kuma wannan giɓi yana cikin dalilan da suka sa intanet mai ƙarfi ya fi samuwa a manyan birane fiye da karkara. Muddin ana auna kamfanin sadarwa da kuɗin da aka taya shi, ana mantawa da yawan mutanen da ya sada, to kuskuren da aka yi da NITEL yana iya komowa a kan wata kadarar jama'a.