Kufena: Dutsen da 'Yan Fim Suka Kasa Gani

Duk wanda ya zauna a Samaru ya san Dutsen Kufena, ko da daga nesa ne. Ni dai ran Asabar ɗin da ta wuce na bi ta Wusasa na hau shi da ƙafata, kuma fim ne ya kai ni.

A shagon wani abokina a Sabon Gari muka sake kallon 'Amina', wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni, aka sake shi a Netflix a 2021. Lucy Ameh ce sarauniyar, ga kuma namu Ali Nuhu a ciki. Sutura ta yi, dawakai sun yi, har ya zama gwarzon fim a gasar AMVCA ta 2022. Amma da muka gama sai na tambayi kaina: to, wai ina Zazzau ɗin? Ban da Turancin da aka ɗora wa mutanen Amina, a ganina ƙasar ma ba ta yi magana ba.

Amsar tana kan Kufena. Falalen dutse ne mai tauri, ga santsi, ga zafin da ke ratsa takalmi. Kafin ka kai sama sai ka yi haki. Amma da ka kai, sai ka ga Zariya da gonakinta shimfiɗe a gabanka, ga kuma ragowar tsohuwar ganuwa a ƙasa. Tarihin baka ya ce a zamanin Bakwa Turunku, wajen ƙarni na 16, sarautar Zazzau ta baro Turunku ta dawo wannan yanki. Wanda ya tsaya a can sama ba sai an yi masa bayanin dalili ba: ƙurar mahara tun daga nesa za ka hango ta. Hoto ɗaya daga nan ya fi jawabin minti goma.

Kada 'yan Kannywood su yi dariya, don laifinmu ya fi. Mu in darakta ya hau dutse, to rawa da waƙa ce ta kai shi: yarinya ta canza kaya sau uku, a sauko. Dutse ya zama labule kawai.

Furodusoshi, Kufena na nan, ba ya karɓar kuɗin sallama. In ba mu ba da labarinsa ba, wasu za su ci gaba da ba mu shi da harshensu. Allah ya sa a gyara.