Wa ya bar Shaihu Umar cikin ƙura?

Mai karatu, in ka kalli silima, ƴan wasa kake yabo. Amma akwai wanda ba ka gani: mai ɗaukar nauyi. Shi ke neman kuɗi, ya biya ma'aikata. Kuma wajibinsa ne ya kai silimar gaban jama'a, ya adana ta.

Dubi Shaihu Umar, wadda Adamu Halilu ya ɗauka da Hausa a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Gwamnatin Nijeriya ta ɗauki nauyi. Aiki ya yi kyau. To amma sai aka jibge faya-fayan a wani ɗaki a Legas, kamar gero da aka girbe aka bar wa gara. Sai a 2016 aka gano su. A Jamus aka gyara ta, aka nuna a Barlin a 2018. Kai da ke Maraɗi ko Damagaram, ka taɓa ganinta?