Da'irorin Damien Hirst a kan jan ƙarfe

A shekarar 2002 kamfanin Paragon Press na Landan ya fitar da aikin mai zane Damien Hirst mai suna In a Spin, the Action of the World on Things, kundi biyu: na farko zane 23, na biyu 14, kowanne an buga kwafi 68. A ganina, cikin ayyukan wannan mutum da surutu ya yi wa yawa, nan ne aka fi ganin hannunsa.

Yadda aka yi su ne ya sa. Hirst ya ɗaure farantin jan ƙarfe a kan injin da ke juyawa, ya riƙe allura ko sukundireba ya ɗora a kai, farantin na gudu, tsinin na karce shi. Daga nan asid ya ci wuraren da aka karce, aka cusa tawada a ramukan, aka danne takarda a kai. Ka matso kusa da ɗaya daga cikinsu, za ka ga da'irori siri-siri sun jeru kamar layukan faifan garmaho, sai can wani layi ya kauce ya ratsa sauran, inda hannu ya girgiza ko tsini ya zame. Wannan kaucewar ce ke riƙe ido. Injin na son da'ira cikakkiya, hannun ɗan Adam kuwa ba ya iya ba shi ita.

Zanen fenti da ya saba yi da injin juyi tun farkon shekarun 1990 watsa launi ne kawai, har a 1993 shi da mai zane Angus Fairhurst suka sayar da irinsu fam ɗaya ɗaya a wani bikin titi a gabashin Landan. Jan ƙarfe bai yarda da wannan sauƙin ba. Abin da ka karce ya zauna. Gaskiya wasu shafukan launi ya yi musu yawa har ya binne layin, amma waɗanda aka bar wa fili suna numfashi.

Kasuwarsu kuma tana da nata labari. Wanda ya yi shekaru yana mafarkin mallakar aikin mutumin da gwanjonsa na Sotheby's a 2008 ya tara fam miliyan 111 zai iya samun shafi guda mai sa hannunsa da fensir, kuma wannan abin farin ciki ne. Sai dai hanyar da hakan ke faruwa tana damuna: dillalai na warware kundin suna sayar da shafi ɗai-ɗai, masu saye na bin waɗanda suka fi haske. Kundi na farko an yi shi ne a akwati mai murfin da aka yi wa zanen juyi na kansa, don a buɗe a bi shafukan a jere, a ga yadda hannun ke sauyawa daga faranti zuwa faranti. Duk kundin da aka raba, da wuya ya sake haɗuwa.