Kunnen mai Fijo

Idan ka saki titin Zariya a Kwanar Ɗangora ka miƙi hanyar Tudun Wada, da wuya ka tsallake dajin Falgore ba ka yi kiciɓis da ita ba: tsohuwar Fijo 504, a-kori-kura ko wagon, ta sha buhunan masara har bayanta na neman shafar kwalta, amma tana tafe abinta. Kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya daina fitar da ita tun tsakiyar shekarun 2000, don haka ko autarsu ta manyanta. Waɗanda suka rage a hanya, ƙarfen Faransa ya yi nasa, sauran kuwa aikin masu su ne.

A Amurka akwai masu irin wannan ƙauna ga tsofaffin motoci masu silinda takwas, irin su Ford Mustang da Dodge Charger na shekarun 1960. Ranar hutu mutum zai wuni yana goge tasa, ya ɗan zaga gari, ya mayar ya rufe. Tamu ba ta san wannan gata ba. Ana son ta, amma ranar kasuwa sai ta fita neman abinci. Jinin aikin ma a jikinta yake: a 1968 aka fara ƙera ta, kuma ita ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975.

Mai Fijo na gaske ba ya murza makulli da safe sai ya ɗaga bonet. Ya leƙa ruwan lagireto, ya zaro sandar baƙin mai ya murza ɗigo tsakanin yatsu, ya danna fanbel ya ji ko ya saki. Sannan ya tayar, ya karkata kai, ya yi shiru. A nan gwanintar take. Ƙas-ƙas daga saman inji, bawul ne ke neman a daidaita shi. Ƙugi mai nauyi daga ƙasa, wannan maganar kuɗi ce. In kuwa tana tafasa ɗaya-ɗaya kamar mai ɗingishi, silinda guda ce ba ta samun wuta, sai a nufi dilko.

Cikin dilkon akwai kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu masu haɗuwa da rabuwa. Duk rabuwar da suka yi, kwil ya saki wuta zuwa filogi. Tazarar da ake so tsakaninsu ba ta wuce milimita 0.4 ba. Mai geji ya auna da geji, tsohon hannu kuwa ya yago kwalin ashana ya zura, kuma da wuya ya kuskure. In bakin ya ƙone, a ɗan goga sanfefa. Shi ya sa aljihun motar ba ya rabo da kwantak da kondensa na ko-ta-kwana, a naɗe cikin tsumma. Wayoyin filogi kuma jerinsu 1-3-4-2 ne, amma Faransawa daga wajen kulochi suke fara ƙirga, ba daga wajen fanka ba. Yaran gareji da yawa sun sha ranƙwashi a kan wannan.

Filogin kansa mai ba da labari ne. Ka ciro shi ka ga baƙin hayaƙi a bushe, fetur ya yi wa iska yawa. Fari fat, fetur ya yi kaɗan, inji na shan zafi. Jiƙe da baƙin mai, ringi ya tsufa. Abin da ake nema shi ne launin ƙasa-ƙasa, kamar gyaɗar da ta soyu daidai.

Kafireto kuwa shi ke shan wahalar ƙasarmu. Ƙurar hunturu, jar ƙasar hanyoyin ƙauye ta wajen Riruwai, da man 'yan bumburutu mai haɗe da ruwa, duk a 'yan ƙananan ramukansa suke tarewa. Gwani ya kwance jet, ya wanke da fetur, ya hura da baki, ya ɗaga wa rana ya leƙa. Ba ya zura waya, domin ramin na ƙara faɗi ko da ƙanƙani, motar ta koma mashayiya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowace murɗa ta sukundireba a jikin kafireto kuɗin cefane ce.

Ƙare-ƙare ma ana yi. Wasu su ɗauko giyabos mai giya biyar na 505 su ɗaura, don inji ya huta a doguwar hanya. Mai a-kori-kura ya ƙara falle a sifirin ɗin baya saboda lodi. Wani ya sa lagireto mai kauri saboda hawan Doguwa. Wani ya cire kwantak gaba ɗaya ya sa na lantarki, ya rabu da sanfefa. Ɗaya ne ban yarda da shi ba: cire tamostat da sunan ƙasarmu akwai zafi. Wanda ya kwana a gefen Tiga cikin Janairu ya san akwai sanyi, kuma injin da bai ɗumama da wuri ba ya fi cin mai, ya fi saurin lalacewa.

Abin da ya fi tsawaita ranta shi ne silindojinta zarowa ake yi. In sun cinye, a zare su a zura sababbi da fiston da ringi, inji ya dawo saurayi. Sharaɗin kawai, in an ɗage kan inji kada a juya injin sai an danne silindojin, in ba haka ba su ɗago, ruwa ya haɗu da mai.

Kayan gyaran ne suka fara wuya. Da, Ƙofar Ruwa a Kano ko me ka tambaya akwai. Yanzu sai an tona, kuma jabu ya yi yawa. Don haka za ka ga bayan gidan mai Fijo an kifa wata matacciya a kan duwatsu, kaji na ƙwai a kujerar baya. Uwargida ta yi ta mitar a sayar wa 'yan gwangwan, shi kuwa ya ce a dakata, dilkonta da lafiyarsa.