Wasan Daɓe: Abin da Ido Ya Kamata Ya Gani a Kan Dandamali

Duk wanda ya yi Hausa a sakandare ya san yadda muke nazarin wasan kwaikwayo. A ɗauko Uwar Gulma na Mohammed Sada ko Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, a fito da jigo, a warware shi, a dubi zubi da tsari, a ƙirga kashi da fitowa, a jera taurari, a tsinto karin magana, shi ke nan an gama. Ɗalibi zai ci jarrabawa da sakamako mai kyau alhali bai taɓa ganin Hayatu na Uwar Gulma a tsaye ba, bai taɓa jin amon muryar Kyallu ba. Da wannan tarbiyya muke zuwa kallon wasan daɓe, shi ya sa in an tashi daga fili aka tambayi mutum yaya wasa, amsarsa ba ta wuce biyu: ko ya ce an sha dariya, ko ya ce akwai darasi. Dariya da darasi kuwa ana samun su a majalisar mai shayi ma. Abin da ya raba dandamali da majalisa aikin mutum uku ne, wato mai tsara fili da kaya, da mai ba da umarni, da ɗan wasa, kuma su ne nazarinmu ya fi yi wa rowar ido.

Tsarin fili shi ne wanda aka fi rainawa, don haka da shi zan fara. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda Michael Etherton ya assasa koyar da wasan kwaikwayo a 1975, akwai gidan wasan da aka fi sani da Drama Village, wanda maginin nan ɗan Amurka Steven Ehrlich ya zana a tsakiyar shekarun 1970. Da ƙasa aka gina shi, ɗakuna zagayayyu da katanga suka kewaye fili a tsakiya, sama a buɗe, kamar dai tsakar gidan Bahaushe. Hikimar ginin ita ce bai tilasta wa kowa inda zai tsaya ba. Ana iya yin wasa a tsakiya 'yan kallo su kewaye, ana iya komawa bakin ɗaki ɗaya a mai da shi fada ko zaure, ɗan wasa yana iya ɓullowa ta bayan masu kallo har su waiwaya. Wanda ya zauna a irin wannan fili yana ganin fuskar ɗan wasa, yana kuma ganin fuskar ɗan'uwansa mai kallo a ɗaya ɓangaren, kuma wannan yana sauya yadda ake dariya da yadda ake yin tsit.

Kwatanta shi da abin da aka saba gani a zauren taron makarantu da wuraren biki: dakali mai tsawo, labule a baya, kujerun roba uku a jere suna fuskantar jama'a, tabarma ɗaya a gefe. Da waɗannan kaya za a yi gidan attajiri, da su za a yi kotun alƙali, da su za a yi bukkar boka. Ƙarancin kaya ba laifi ba ne. Yaran da ke tashe daga goma ga watan azumi ba su da komai sai gemun auduga da sanda da tsohuwar riga, amma tun daga nesa kowa ya san tsoho ne ke tafe, domin an zaɓi abin da ke magana. Laifin dakalin makaranta shi ne kayan ba sa cewa komai. Mai nazari ya kamata ya tambaya: ina ƙofa take, kuma ta zauna wuri ɗaya har ƙarshen wasa? Sau da yawa baƙo zai yi sallama ta hagu, a fitowa ta gaba ya ratso ta inda ɗazu aka ce bangon ɗakin uwargida ne. A wasan Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda rabin rikicin da ke cikin wasanninmu a kan iyaka yake: wa ke da izinin wuce zaure, wa ke laɓe a bayan danga, wace ce ta fita ba da sanin miji ba. In fili bai nuna iyakar ba, to ƙetare ta ba zai girgiza kowa ba. Haka sutura. Malam Jatau na farkon wasa da Malam Jatau na ƙarshensa, bayan dukiya ta tafi, bai kamata a gan su cikin babbar riga ɗaya mai sitaci ɗaya ba, amma an sha yin haka don rigar aro ce kuma mai ita na jira.

Aikin mai ba da umarni, wanda 'yan wasa ke kira darakta, ya fi wuyar gani, domin in ya yi kyau ɓacewa yake yi. Ya kuma fi wuya a wurinmu saboda yawancin wasan daɓe ba a rubuta shi kalma bayan kalma. Janet Beik, a littafinta na 1987 kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, ta nuna yadda ƙungiyoyi ke zama su tsara ƙashin labari, su raba fitowa, sannan kowane ɗan wasa ya zuba maganarsa daga kansa, a yi ta gwaji har ta zauna. Da wannan hanya irin su Yazi Dogo suka yi suna, daga Damagaram har Yamai, kuma haka yawancin ƙungiyoyin Kano da Kaduna da Katsina suke aiki. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin rashin ƙwarewa. Ni ban yarda ba. Maganar da ta fito daga bakin wanda ya san halin da yake kwaikwaya ta fi wadda aka haddace daɗin ji, kuma Hausarta ta fi tsabta. Sai dai tana ɗora wa darakta nauyin da marubuci ya saba ɗauka, wato yanka. Shi ne zai ce ya isa.

A gaisuwa ake fara gane darakta. Bahaushe ba ya shiga magana sai ya gaisa, kuma wasan da ya tsallake gaisuwa ƙarya yake yi. Amma in kowace fitowa sai an tambayi gida da iyali da gajiya da sanyi, fitowa goma sha biyu, to sulusin dare ya tafi a ina kwana. Darakta mai hankali yana sa gaisuwar ta yi aiki. Wanda ya zo cin bashi zai ja ta, ya sake maimaita ta, ya tambayi har lafiyar doki, mai gida kuma yana taƙaita amsa yana duban ƙofa. Kafin a ambaci kuɗi kowa a fili ya riga ya gane. Kishiyar da aka ɓata wa rai za ta amsa da kalma ɗaya ba tare da ta ɗago daga tsintar shinkafa ba. In ka ga gaisuwa iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ba wanda ya ba da umarni a wasan nan, ko da an rubuta sunan wani a takardar gayyata.

Sai kuma babbar matsalar da littattafan koyar da wasa na Turai ba su tanadar mana amsarta ba, wato kunya. Ƙa'idar dandamali ta ce ɗan wasa ya buɗe jikinsa ga jama'a, ya ɗaga murya, a ga idonsa. Ƙa'idar gida ta ce matar ɗa a gaban suruki ta durƙusa, ta kau da kai, ta ja mayafi, ta yi ƙasa da murya, kada ma ta kama sunansa. Wanne za a bi? Ragon darakta yakan zaɓi ɗaya ya yar da ɗaya: ko yarinya ta tsaya ƙiƙam tana yi wa surukinta jawabi kamar mai karanta labarai, ko ta dunƙule a ƙasa tana motsa baki, na layin baya suna ihun ba ma ji. Gwani kuwa wurin zama yake gyarawa. Sai ya ajiye surukin can ciki, ya durƙusar da ita a gaba kusa da jama'a, yadda kau da kan da ta yi daga gare shi zai juyo da fuskarta gare mu. Shi bayanta da mayafinta yake gani, ladabi ya cika; mu kuma muna ganin yadda take cije leɓe, muna ganin yatsunta na murza bakin zane. Fitowa ɗaya ta ba da labari biyu, ba a ƙara ko kalma ba. Irin wannan ne ya kamata mai sharhi ya gani ya faɗa, ya kuma ambaci wanda ya tsara shi.

Ba zan wuce ba sai na yi ƙorafi kan makirufo. Na taɓa kallon wasa a wata makaranta inda miji da mata ke faɗan da zai kai ga saki, da makirufo ɗaya tak a tsakaninsu. Sai ya zage ta, ya miƙa mata cikin ladabi, ta rama, ta miƙo masa. Jama'a suka yi ta dariya a wurin da ya kamata gaba ya faɗi. Faɗa katse numfashi ne, magana kan magana, kuma na'urar ta kashe wannan. Da an matso da 'yan kallo kusa, an kashe janareton da ke ruri a bayan katanga, an koya wa yaran fito da murya daga ciki, da ba a bukaci lasifika ba sam. Wannan ma hukuncin darakta ne.

Ɗan wasa shi ne wanda ba mu taɓa yi wa rowar yabo ba, sai dai yabon namu bai cika rarrabewa ba. Muna da gadon kwaikwayo mai zurfi. A wasan gauta, matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa a gaban idonsu, kuma gwanintar tana ga lura: yadda wane ke gyara rawani, yadda wane ke tari kafin ya yi magana. 'Yan kama sun gina sana'arsu kan kwaikwayon malamai, da salon karatu da komai. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya riƙa shirya wasannin da ke zolayar zalunci da cuta. Wanda ya ga Ƙasimu Yero ko Usman Baba Pategi, wato Samanja, ko Umaru Ɗanjuma Katsina da aka fi sani da Kasagi, ya san cewa abin da ya ɗaukaka su shi ne sun kalli mutane da kyau kafin su kwaikwaye su. Samanja tsohon soja ne, Hausar barikin da ke bakinsa ba daga wani ɗan wasa ya aro ta ba.

Abin da ya yi yawa yanzu shi ne kwaikwayon mai kwaikwayo. Alhaji sai da matashin kai a ciki, ɗan ƙauye sai da baki a buɗe da wando a ɗage, boka sai da jan ƙyalle da dariyar ƙeta, ɗan sanda sai da gurɓatacciyar Hausa. Tun da marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi tashe, da wuya ka je wasan makaranta ba ka ga ƙaramin Ibro ba, da tafiyarsa da zare idonsa, amma babu saurin kansa. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: ina kallon ɗan wasa a lokacin da ba shi ke magana ba. Yana sauraron abokin wasansa, maganar na sauya masa fuska, ko kuwa jira yake a zo kansa? Akwai kuma ɓarawon fitowa, wanda ana tsakiyar zaman makoki zai sosa ƙeya ya harari jama'a don ya samu shewa. Zai samu, kuma washegari sunansa za a riƙa faɗa a gari, amma ya rusa aikin mutum goma. Mai sharhin da ya yaba masa ya taya shi ɓarna.

Sai dai a yi adalci: 'yan kallonmu ba masu zama shiru ba ne, suna tsoma baki, suna yi wa azzalumi Allah ya isa, suna gargaɗin wadda za a yaudara. Malaman jami'ar Zariya da ɗalibansu sun mai da wannan hali jari a wasannin da suka kai ƙauyuka, irin su Wasan Manoma a Soba a 1977 da Wasan Maska a 1979, inda matsalolin manoma suka zama labari, tattaunawa da jama'a kuma ta zama ɓangaren aikin. Ɗan wasan da ya iya karɓar maganar da aka jefo daga cikin taro, ya amsa ta a bakin wanda yake kwaikwaya, ya koma kan labari ba tare da zare ya tsinke ba, ya yi abin da kyamara ba za ta taɓa nema daga gare shi ba. Wannan gwaninta ce ta daɓe zalla, kuma tana bukatar a san ta da suna a cikin sharhi.

Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, ƙungiyoyin daɓe suka riƙa komawa bidiyo ɗaya bayan ɗaya, da gwanayensu da masu kallonsu. Ba wanda zai ga laifinsu, can abinci yake. Amma fim yana ajiye kansa, wasan daɓe kuwa da an watse ya tafi, ba abin da ke saura sai abin da wani ya rubuta a kansa. Yawancin wasannin da aka yi a filayen Kano da Zariya da Damagaram a shekarun 1970 da 1980 sai dai a ji labarinsu a bakin dattawa. Don haka ina kira ga malaman Hausa a sakandare da kwalejoji da jami'o'i: duk littafin wasan da ke cikin manhaja, a sa ɗalibai su taka ko da fitowa biyu ne a tsakar makaranta, sauran kuma su rubuta shafi ɗaya kan inda aka sa ƙofa, da wanda ya tsaya ina, da wanda ya saurari ɗan'uwansa. Editocin jaridu da mujallun Hausa su ma su tura wakili duk inda aka kafa dandamali, ya zauna har a tashi, ya rubuto abin da idonsa ya gani.