Adana Wasa ko Adana Akwati: Sharhi a kan Gidan Tarihin Wasannin Bidiyo na Funspot

Gabatarwa

Duk al'ummar da ta tashi adana wani abu daga cikin al'adunta, tambayar da kan fara fuskantarta ita ce: mene ne ainihin abin da za a adana? Ɗaliban adabin baka sun san wannan matsala, domin tatsuniyar da aka taskace a littafi ta rasa muryar mai ba da ita da amshin masu sauraro. Wannan sharhi zai duba yadda wani gidan tarihi a Amurka ya tunkari irin wannan tambaya dangane da tsofaffin wasannin bidiyo, sa'annan ya auna nasararsa da rauninsa.

Taƙaitaccen Tarihin Gidan

Funspot gidan wasanni ne da ke garin Laconia a jihar New Hampshire. Bob Lawton ne ya kafa shi a shekarar 1952, kuma a 2008 kundin bajinta na Guinness ya ayyana shi a matsayin gidan wasannin na'ura mafi girma a duniya a wancan lokaci. A 1998 aka keɓe wani sashe a hawa na uku, aka raɗa masa suna American Classic Arcade Museum, inda aka tara akwatunan wasa fiye da 200, galibinsu na shekarun 1970 da 1980. Maziyarci zai tarar da su jere cikin haske kaɗan, kowanne da allonsa da maɓallansa da kafar jefa ƙwandala, kamar yadda suke a zamaninsu.

Nasarar Gidan

Babban abin yabo shi ne, ba a kulle akwatunan nan a bayan gilashi ba. Wanda ya zo yana iya jefa ƙwandala ya buga da hannunsa. Wannan mataki yana da hujja mai ƙarfi, domin a waɗannan wasanni na'urar kanta ɓangare ce ta wasan.

Misali, a wasan Space Invaders na 1978, mai wasa yana harbin dodanni 55 da ke gangarowa daga sama. Yayin da dodannin ke raguwa, sai saura su ƙara sauri. Asalin wannan sauri daga gazawar na'urar ne: idan hotunan da take zanawa suka ragu, sai aikinta ya yi sauƙi ta ƙara hanzari. Tomohiro Nishikado, wanda ya ƙirƙiro wasan, ya bar abin a haka, sai gazawa ta zama gishirin wasan. Haka kuma a Pac-Man na 1980, idan aka kai mataki na 256, rabin allon yakan dagule saboda ma'ajin ƙidayar na'urar ya cika, wasan ya tsaya a nan. Wannan ne ya sa makin wasan yake da iyaka, wato 3,333,360, kuma a Funspot ne Billy Mitchell ya kai wannan adadi a 1999.

Gaskiya ne tun 1997 akwai manhajar MAME, wadda Nicola Salmoria ya fara, mai kwaikwayon waɗannan na'urori a kan kwamfuta. Ta ceci dubban wasanni daga ɓacewa. Sai dai abin da take adanawa shi ne tsarin wasan, ba nauyin sandar sarrafawa a tafin hannu ba, ba kuma tsayuwa a gaban akwati jama'a na leƙe ta bayan kafaɗa ba. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji; a wannan fage kuwa, taɓawa ta kori gani.

Raunin Gidan

Rauni na farko yana tattare da nasarar kanta. Duk akwatin da ake bugawa kullum yana tsufa: maɓallai su saki, wayoyi su ƙone. Allunan gilashi masu ƙusumbi, irin na tsofaffin akwatunan talabijin, an daina ƙera su, don haka mai gyara yakan dogara da tsofaffin kayayyaki. Idan aka yi ta sauya sassa ɗaya bayan ɗaya, wata rana sai a tambaya ko akwatin 1980 ne ke tsaye ko kuwa kamanninsa.

Rauni na biyu yana cikin sunan gidan, wanda ya jingina tarihin ga Amurka. Babu shakka Pong na 1972 ɗan Amurka ne, daga kamfanin Atari. Amma Space Invaders na kamfanin Taito ne, Pac-Man na Namco, Donkey Kong na 1981 kuma na Nintendo, dukkansu daga Japan. Kamfanin Midway ne ya rarraba biyun farko a Amurka, sunansa ne kuma a jikin akwatunansu. Maziyarcin da bai zo da sani ba yana iya fita da zaton gado ne na ƙasa guda, alhali gado ne na tarayya.

Kammalawa

Idan aka ɗora waɗannan abubuwa a kan ma'auni, nasarar gidan ta rinjayi rauninsa. Masu kula da shi suna da zaɓi biyu: su kare akwati wasa ya mutu, ko su raya wasa akwati ya tsufa. Sun zaɓi na biyu, kuma a ganin wannan sharhi zaɓin ya yi daidai, domin ana iya gyara akwatin da ya lalace, amma gwanintar da ta fita daga hannun mutane da wuya ta dawo. Abin da ya rage shi ne a riƙa taskace bayanan masu gyara da na tsofaffin 'yan wasa tun suna raye, a kuma riƙa ambaton asalin kowane wasa a fili. Ba a fafe gora ranar tafiya.