Sharhi Kan Wasan Kwaikwayon Wole Soyinka Mai Suna The Trials of Brother Jero

Wannan wasa an fara nuna shi a Ibadan a shekarar 1960, kuma ɗalibai da yawa sun karanta shi a makarantun sakandare. Galibin masu karatu sukan rufe littafin da ra'ayin cewa Soyinka ya fito ne ya yi wa cocin masu fararen riguna, wato Aladura, tonon silili. A ganina wannan fahimta ta yi gajarta, kuma marubucin yana da nasa kason laifin a ciki.

Tauraron wasan, Jero, mai kiran kansa annabi ne a bakin tekun Legas. Ya kori maigidansa da ya koya masa aikin, ya ƙwace filinsa. Mabiyansa kuwa masu sayen hajarsa ya ɗauke su. Akwai Chume, wani masinjan ofis, wanda Jero ya hana shi dukan matarsa Amope domin kada hankalinsa ya kwanta ya daina zuwa. Da Jero ya gano cewa Amope ce matar da ke binsa kuɗin alkyabbar karammiski, nan take sai ya ba shi izinin dukan. Daga ƙarshe ya yaudari wani ɗan majalisa da albishirin zama minista, ya shirya a kai Chume gidan mahaukata.

Idan aka lura, duk wannan zamba ce ta mutum guda. Ita kanta sujadar ba ta sha bulalar marubucin yadda Jero ya sha ba. Alal misali, wurin da ya fi rai a wasan shi ne inda Jero ya bar jama'a ya bi wata mace, Chume ya karɓi jagorancin addu'a da Turancin buroka, yana roƙa wa talakawa ƙarin girma a wurin aiki, da keke, da mota, jama'a suna amsawa. Mai kallo zai yi dariya, amma zai ji cewa mutanen nan da gaske suke, kuma da harshen da suke ciniki da shi a kasuwa suke kai kukansu ga Ubangiji.

Inda wasan ya gaza shi ne duk faɗin bakin tekun nan Soyinka bai nuna mana ko da jagora ɗaya mai gaskiya ba. Har a wasa na biyu, Jero's Metamorphosis, na 1973, taron mayaudara kawai muka gani. Wake ɗaya ke ɓata gari, amma a nan buhun duka aka ce ruɓaɓɓe ne. Tarihi kuwa bai ce haka ba. A 1925 Moses Orimolade da wata budurwa, Christiana Abiodun, suka kafa ƙungiyar Kerubim da Serafim a Legas, a zamanin da cocin mishan bai san mace a kan jagoranci ba. A 1930 dubban mutane suka yi tururuwa zuwa Ilesha wurin wa'azin Joseph Babalola. Abin da ya ja su shi ne ganga da tafi da rawa da addu'ar neman waraka, a harshensu, a madadin waƙoƙin Turai da aka fassara. Manyan coci-coci sun daɗe suna yi musu kallon raini, amma a yau ikilisiyoyin da 'yan Afirka suka kafa suna da rukuninsu a cikin Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, CAN, wadda aka kafa a 1976. Ganga da tafin da aka ƙyamata kuwa sun shiga kusan kowace majami'a. Wanda ya taɓa jin zumuntar mata suna rera waƙa da Hausa a Jos ko Wusasa ya shaida haka.

To, 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, ga abin lura. Ba a hana mu yi wa mayaudari ba'a ba, fasto ne ko malamin tsibbu, domin kuwa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sai dai a ajiye mutumin kirki ɗaya daga cikin jama'ar tasa a gefensa, yadda mai karatu zai san halin mutumin ake suka, kada ya tafi yana zargin duk wanda ya gani da farar riga da ƙararrawa a hannu.